Satar Zango: Gwanayen Gudu na Farkon Wasan Besbol da Rigimar Ma'anar Kalma

Gabatarwa

A darasin fassara, malaminmu ya raba mana guntayen labarai daga jaridun Ingilishi domin kowa ya mayar da nasa cikin Hausa. Ni rabona ya faɗo a kan labarin mutuwar wani ɗan wasan Amurka mai suna Rickey Henderson, wanda ya bar duniya a watan Disamba na shekarar 2024. Labarin gajere ne, amma jimla biyu a cikinsa sun tsare ni kusan mako guda. Ta farko ta yaba wa mamacin da cewa babu wanda ya kai shi sata a tarihin wasan besbol, domin ya yi ta har sau 1,406. Ta biyu kuma ta ce sata 130 da ya yi a kakar 1982 ita ce mafi yawa a zamanin nan, alhali wani mutum ya yi 138 a shekarar 1887. To, yaya za a yabi mamaci da sata a Hausa? Kuma ta yaya 130 za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da 138 har a ce kowacce tana riƙe da nata kambun? Neman amsar waɗannan tambayoyi ne ya haifar da wannan maƙala. Hausa ba harshen da na sha a nono ba ne, Badanci na fara ji a gidanmu a Gashuwa, don haka inda na yi tuntuɓe, 'yan uwa ɗalibai sai su gyara mini.

Mu fara da langa

Kafin mu tsallaka teku, ya kamata mai karatu ya tuna da wasan da ya sani. A unguwarmu, idan kaka ta yi kuma ga farin wata, mukan fita kan rairayi mu rabu gida biyu. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar. Ɓangaren da ke da yi sai su fitar da mutum ɗaya a matsayin ruwa, aikinsa shi ne ya kai wurin sha ba tare da an kayar da shi ba, 'yan uwansa kuma suna ture masa abokan karawa. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa, ya fita. Wanda ya taɓa yin langa ya san ba ƙato ake ba ruwa ba. Ana ba yaro mai sauƙin jiki da lura, wanda zai dakata har sai manyan sun sarƙe da juna, sannan ya saci jiki ta gefe.

Akwai abin da ya faru da ni wanda sai yanzu na ga amfaninsa. Wani hutu na je Nguru wurin kawuna, na shiga langa da yaran unguwarsu. Ruwansu ya taɓa bishiyar da aka sa a matsayin wurin sha, ƙarfin gudu ya kwashe shi ya faɗi. Suka ɗauki ihu wai ya sha. Na ce bai sha ba, domin a wurinmu sai ka taɓa kuma ka tsaya da ƙafarka a hannu. Muka yi ta musu har wasa ya watse. Kalma ɗaya muke faɗa, wato sha, amma kowa da iyakar da ya yi mata. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a Amurka.

Yadda ake besbol a taƙaice

Wasu na kiran wasan ƙwallon gora, to amma ana kiran wasanni fiye da ɗaya da wannan suna, har da wanda yara ke yi da ƙwallon goriba da sanda mai lanƙwasa. Saboda haka na zaɓi in ari sunan, in ce besbol.

Ƙungiya biyu ke karawa, kowacce da mutum tara. A fili akwai matsaya huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowacce da ta gaba ƙafa 90, wato kimanin mita 27. Ɗaya daga ciki ita ce gida, sauran ukun kuwa na kira su zango, domin matafiyi ba ya zama a zango, hutawa yake ya wuce. Mai jifa yana tsakiyar fili yana jefo ƙwallo, mai bugu yana tsaye a gida da kulki, a bayansa kuma mai cafka yana tsugune. Idan mai bugu ya doki ƙwallo, sai ya yar da kulki ya ruga zangon farko. Wanda ya zagaye zango uku ya komo gida lafiya, ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya. Idan aka kashe mutum uku daga ɓangaren masu bugu, sai a yi musanya.

A al'ada, wanda ke tsaye a zango yana jiran ɗan uwansa ya doki ƙwallo ne kafin ya ci gaba. Amma doka ba ta tilasta masa jira ba. Yana iya faki idon mai jifa, da zarar ya ga ya ɗaga ƙafa zai jefa, sai ya zura da gudu zuwa zango na gaba. Mai cafka zai cafe ƙwallon ya wurga wa mai tsaron zangon, tazarar da ta kai ƙafa 127 idan zango na biyu ne. In mai tsaro ya taɓa mai gudu da ƙwallo kafin ya iso, ya mutu. In kuwa ya riga isa, ya saci zango. Duka abin bai wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu ba. Wannan ita ce satar da ake yabon Henderson da ita.

Mutanen farko

A shekarar 1869 ne ƙungiyar birnin Sinsinati ta fito fili ta ce tana biyan dukkan 'yan wasanta albashi. Gasar National League ta kafu a 1876, wata mai suna American Association ta biyo baya a 1882 ta rushe bayan kakar 1891. Tun kafin wannan lokaci ana satar zango, amma sai a 1886 aka fara lissafa ta a hukumance. Wannan kaɗai ya tauye wa wasu haƙƙi. Harry Stovey, wanda ake danganta masa shiga zango da zamiya ƙafa a gaba, ya fara wasa tun 1880. Sata 509 aka rubuta masa, amma ta shekara shida na farkon ƙuruciyarsa ba ta shiga littafi ba.

Shekarar 1887 ita ce shekarar mamaki. Mutum shida suka haura ɗari a kaka ɗaya:

Hugh Nicol na Sinsinati, 138
Arlie Latham na Sen Luwis, 129
Charlie Comiskey na Sen Luwis, 117
John Montgomery Ward na Niyok, 111
Pete Browning na Luwisbil, 103
Jim Fogarty na Filadelfiya, 102

Nicol haifaffen Sikotilan ne, ɗan tsurut, tsawonsa ƙafa 5 da inci 4. Wajen bugu ba gwani ba ne ko kaɗan, a kakar da ya kafa wannan tarihi satarsa ta fi bugunsa mai kyau yawa. Da a Gashuwa aka haife shi, na tabbata shi za mu riƙa ba ruwa. Latham kuwa ɗan barkwanci ne mai surutu, wanda yake cika masu jifa da ihu har su rikice. Ya tara sata sama da 700, kuma a 1909, yana da shekara 49, ƙungiyar Niyok ta sa shi a wasa ya sake satar zango. Har yau babu wanda ya yi haka da shekaru fiye da nasa. Ward lauya ne, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta farko a 1885. Comiskey ya zama mai ƙungiya a Shikago daga baya.

Akwai kuma King Kelly, wanda Shikago ta sayar wa Boston a kan dala 10,000 a 1887. A lokacin alƙali ɗaya ake sa wa a fili, don haka ana ba da labarin cewa Kelly kan yanke ta tsakiyar fili ya tsallake zango idan ya ga idon alƙali yana wani wuri. Wannan kam ta wuce dabara, ta zama maguɗi. Duk da haka 'yan kallo sun so shi, har aka yi masa waƙa a 1889 a kan zamiyarsa, kamar dai yadda Ɗan Anace ya wanzar da sunan Shago a fagen dambe.

Babbansu duka shi ne Billy Hamilton. An haife shi a 1866, ya yi wasa daga 1888 zuwa 1901 a Kansas da Filadelfiya da Boston. Shi ma gajere ne, ƙafa 5 da inci 6. Ya saci zango 111 a 1889, 102 a 1890, sannan 111 a 1891. A ranar 31 ga Agusta, 1894, ya yi sata bakwai a wasa ɗaya, abin da George Gore na Shikago kaɗai ya taɓa yi kafinsa a 1881. Abin da ya bambanta shi da Nicol shi ne, Hamilton ya iya bugu ƙwarai, saboda haka yana yawan samun kansa a zango, kuma mai sata sai ya shiga kasuwa tukuna. Yawan cin da ya kawo gida a rayuwarsa ya zarce yawan wasannin da ya buga.

To nawa ne jimillar satarsa? Nan na fara gane cewa da sauran rina a kaba. A jikin allon karramawa da aka yi masa a 1961 an rubuta 937. Wasu kundaye sun ce 912. Masu bincike da suka koma suka bi tsofaffin jaridu wasa bayan wasa sun tsaya a kan 914. Lou Brock, da ya zo yin ritaya a 1979, sai da ya kai tasa 938, wato ya ɗara mafi girman adadin ukun da ɗaya, don kada a bar ƙofar musu.

Kalma ɗaya, iyaka dabam-dabam

A darasin ilimin ma'ana an koya mana faɗaɗar ma'ana da ƙuntatarta, kuma akasari misalan da ake ba mu na sauyin da ke ɗaukar shekaru aru-aru ne, ba wanda zai ce ga ranar da ya faru. A besbol kuwa kwamiti ne ke zama ya sauya ma'anar kalma, a rubuta shekarar. Wannan ya sa misalin ya burge ni.

A ƙa'idar 1887, idan mai gudu ya yunƙura sata, mai cafka ya yi mummunan jifa ko mai tsaro ya saki ƙwallo, ana rubuta masa sata ko da a ce da an yi daidai da ya mutu. A 1888 aka ƙara da cewa wanda ya isa zango, gudu ya kwashe shi ya zarce, aka taɓa shi ya mutu, shi ma a rubuta masa. Ga musunmu na Nguru ya dawo: ya taɓa bishiya ya faɗi, ya sha ko bai sha ba? Amurkawan 1888 sun goyi bayan yaran unguwar kawuna. Sai a 1910 suka dawo ra'ayin unguwarmu, suka daina lissafa irin wannan.

A 1892 ma'anar ta ƙara buɗewa. Idan ɗan uwanka ya yi bugun da a ƙa'ida zango ɗaya zai kai ka, kai kuma ka yi ta maza ka ci biyu alhali ana ƙoƙarin kashe ka, ƙarin da ka yi sata ce. Haka nan in an cafe ƙwallo a sama ka ruga zango na gaba. A yau babu wanda zai kira waɗannan sata, gudu ne mai kyau kawai. Aka ci gaba da haka har zuwa 1897, sannan a 1898 aka ƙuntata kalmar ta koma kusa da yadda aka san ta yanzu. Wanda ya fi kowa a National League a 1896 ya yi 87, na 1897 ya yi 73, na 1898 kuwa 58. Wani gyaran da ya fi ba ni dariya shi ne na 1920: idan masu tsaro sun ga kana gudu suka ƙyale ka don ba su damu ba, ba a rubuta maka komai. Ashe ko a wasa, abin da mai shi ya bar maka da saninsa ba a kiransa sata.

Ba kalmar sata kaɗai wannan ya shafa ba. A 1887, idan mai jifa ya yi ta jifa a karkace har aka ba mai bugu zangon farko kyauta, an lissafa masa shi tamkar ya yi bugu mai kyau. Shekara ɗaya aka yi ana haka aka soke.

Wannan ne dalilin da ya sa ake raba kundin gida biyu. Ana barin 138 ta Nicol a matsayinta, amma idan ana maganar zamani sai a fara da Ty Cobb na Ditroit, wanda ya yi 96 a 1915, sai Maury Wills 104 a 1962, Brock 118 a 1974, Henderson 130 a 1982. A nawa ganin, kuskure ne a ce Nicol ya fi Henderson, kuma kuskure ne a ce adadin Nicol na bogi ne. An auna su ne da mudu biyu, kuma ba a rubuta satar mutanen farko dalla-dalla yadda za a iya sake aunawa da mudu ɗaya ba. Ƙari a kan haka, ba a lissafa sau nawa aka kama su. Mun san an kama Cobb sau 38 a 1915, an kama Henderson sau 42 a 1982, amma National League ba ta fara ajiye wannan lissafi a kai a kai ba sai 1951.

Kada kuma a ɗora wa ma'ana komai. Yanayin wasan kansa ya taimaki masu gudu na wancan zamani. Mai cafka ba shi da kayan kariya sosai: abin rufe fuska ya fito a 1877, safar hannu mai kauri sai ƙarshen shekarun 1880, makarin ƙwauri kuwa sai 1907. Mutumin da yatsunsa suka sha karaya ba zai yi jifa mai kyau ba. Ƙwallon ma ba ta tafiya da nisa, saboda haka ci sai an lallaɓo shi zango bayan zango. Da Babe Ruth ya zo yana doka ƙwallo tana fita fili gaba ɗaya, har sau 54 a 1920, sai masu horarwa suka ga babu dalilin kasada. Sata ta yi kwantai, har ta kai a 1950 wanda ya fi kowa a American League, Dom DiMaggio, 15 kacal ya yi.

Akwai kuma waɗanda ba a bari sun shiga lissafin ba sam. Moses Fleetwood Walker, baƙar fata, ya yi wa Toledo wasa a 1884, daga nan aka rufe wa baƙaƙe ƙofar manyan gasanni har sai da Jackie Robinson ya shigo a 1947. Sun kafa nasu gasannin, inda aka yi irin su Cool Papa Bell da ake ba da labarin gudunsa, kuma sai a 2024 aka haɗe alƙalumansu da na babban kundi. Wills da Brock da Henderson dukkansu baƙaƙe ne. Duk wanda ya ce su Nicol ne suka fi kowa gudu a Amurka ta 1887, to ya faɗi abin da jerin sunayen ba zai iya tabbatarwa ba.

Komawa ga fassarar

Da farko na so in guje wa kalmar sata, na gwada zilliya da sulalewa. Daga baya na lura Hausa ma tana da satar da ba ta kai mutum gaban alƙali. Muna cewa satar kallo, satar hanya, ya saci jiki ya fita. A duk waɗannan abin da ake nufi shi ne yin abu a bayan idon wani, kuma shi ne ainihin abin da mai gudu ke yi wa mai jifa. Saboda haka satar zango ta zauna daidai.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunan mai aikatawa. Ingilishi yana kiran Henderson da kalmar da ake kiran mai hawa katanga, kuma mai karatu ya ɗauke ta a matsayin yabo. A Hausa, ɓarawo ba daga tushen sata ya fito ba, kalma ce mai zaman kanta, kuma ba ta bi sata zuwa waɗancan wurare masu sauƙi ba. Mai satar kallo ba a ce masa ɓarawon kallo. Wani abokina Bakano ya ce in rubuta sarkin ɓarayi, wai zai ja hankali. Na ƙi, domin labarin mutuwa ne, kuma Bahaushen da bai san wasan ba zai ɗauka zagin gawa ake yi. Na rubuta gwanin satar zango. Jimla ta biyu kuwa sai da na ƙara mata abin da babu a Ingilishin, na ce mafi yawa tun bayan da aka ƙuntata ma'anar satar a 1898, domin in na ce na zamani kawai, mai karatun Hausa zai zaci rubutun ne ya yi kuskuren lissafi.

Saura guda da har yanzu take damuna. Mafi hatsarin sata a besbol ita ce mutum ya taso daga zango na uku ya nufi gida, inda ƙwallon kanta ta nufa. Cobb ya yi haka sau 54, ba wanda ya kai shi. Fassarar da ta fi kusa ita ce satar gida, to amma masu sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo sun riga mu, a wurinsu satar gida laifi ne da ake busa wa usur har a soke ci. Duk yaron da ke kallon ƙwallo a gidan kallo a Nguru ko Gashuwa abin da zai fahimta ke nan. A takardar da na miƙa, na ari kalmar langa na rubuta satar sha. Malam ya ja layi a ƙarƙashinta da jan biro, ya sa alamar tambaya, ya ce in kawo ta aji mako mai zuwa a tattauna.